Teburin Kenneth

Fauziyya ta sauke tukunya ta uku daga kan keken ɗinkin, ta yaye tsohon zanin da aka lulluɓe shi da shi, ta fara goge shi da tsumma. Mijinta Ɗanmaraya yana zaune a bakin gado yana goge sandarsa ta sunuka, wasan nan na tura ƙwallaye cikin ramukan tebur, ya yi kamar bai gani ba. Sai da ta kai ga ɗiga wa keken mai sannan ya yi magana.

"Me ya kawo wannan aiki da sassafe?"

"Shiri nake yi maka, Baban Aishatu. Ko da za a buƙace shi gobe."

"Ba za a buƙace shi ba."

"To ai goge ƙura ba laifi ba ne."

Shekara tara ke nan da Ɗanmaraya ya rufe keken, ya ce ya sami sana'ar da ta dace da hannunsa. Tun daga lokacin gidan yake tafiya a kan man gyaɗar da Fauziyya take matsewa, da ɗan abin da yake samu a rumfar sunuka. Sati biyu da suka wuce, a gaban yayanta Muhammad Sani mai shagon ɗinki a bakin kasuwa, ya yi alkawari da bakinsa. Idan ya ci wasan Kurfi, shi zai wakilci shiyya a gasar Katsina, kuma ba wanda zai sake kiran sunuka zaman banza a gidan nan. Idan aka cinye shi, ranar Litinin zai ɗauki kekensa ya kai shagon Muhammad Sani ya zauna. Yana dariya ya yi alkawarin. Yau Lahadi.

"Da Mahmuda fa zan kara," in ji shi, yana duba kan sandar. "Magini. Sau uku yana zuwa Dutsin-Ma, sau uku ina mayar da shi Kurfi da sandarsa a hammata."

"Shi dai ya zo sau uku," in ji Fauziyya. "Kai sau nawa ka je?"

"Zakara ba ya yawo. Zuwa ake yi a same shi."

"Haka ne. Shi ya sa ba a taɓa jin carar namu a wani gida ba."

Ɗanmaraya ya miƙe. Ya zura sandar a cikin jakar da ya ɗinka mata da kansa, wadda ita ce ɗinki na ƙarshe da keken ya yi, ya sa hula ya fita.

Rumfar sunukar tana bayan tasha, a gefen wata kwata. Ta wani mutum ce mai suna Kenneth, wanda ya zo Dutsin-Ma neman aiki yana saurayi, aikin bai samu ba, ya kafa tebur ɗaya a ƙarƙashin kwanon rufi ya zauna. Ƙasan rumfar ba siminti, turɓaya ce da aka daddaɓe. A kan wannan tebur Ɗanmaraya ya koyi wasa, a kansa ya yi suna, kuma a kansa kaɗai yake wasa. Daga Safana an zo, daga Charanchi an zo, ɗaliban jami'a masu tunƙahon sun yi wasa a Abuja sun zo, duk sun koma. Yana da wani bugu da 'yan rumfar suke kira tafiyar hawainiya. Sai ya taɓa ƙwallo a hankali, ta kama hanya kamar za ta wuce rami, kowa ya ɗauka ta ɓace, sai ta karkato da kanta ta faɗa ramin kusurwar da ke wajen kwata. Duk lokacin da ya yi shi sai an yi tafi.

Wasu daga cikin waɗanda aka cinye sun ce teburin a karkace yake. 'Yan rumfar suna da amsa a ajiye. Sukan ce ai tebur ɗaya ne ku biyu kuka hau, don me bai karkace wa Zakara ba? Shi kuwa Ɗanmaraya yakan ce kowane tebur da halinsa, kamar doki, kuma wanda bai iya hawa ba shi ne yake zagin sirdi.

A bana ne aka shirya gasar shiyya. A Dutsin-Ma ba wanda ya yarda ya tsaya da shi, a Kurfi kuwa Mahmuda ya doke kowa. Masu shirya gasar suka ce wasan ƙarshe a Kurfi za a yi, a ɗakin taron wata ƙungiyar matasa, domin can ne aka sayi sabon tebur. Ɗanmaraya ya yi ƙorafi kwana biyu, sannan ya ce ba komai, ai rami rami ne ko a ina.

Ilu ne zai kai shi. Ilu ɗan acaɓa ne, magidanci mai 'ya'ya huɗu, wanda ya fi shafe yini a rumfar Kenneth fiye da kan hanya, kuma ba shi da aikin da ya fi so kamar yi wa Ɗanmaraya kirari. Da hantsi suka biya ta rumfar, suka tarar Kenneth ya dawo daga coci yana share tebur.

"Zakara, ka yi haƙuri ba zan je ba," in ji Kenneth. "Lahadi ce, in na rufe yara za su watse."

"Zauna abinka. Ka tanadi lemo mai sanyi dai."

Kenneth ya ajiye tsintsiyar tebur. "Da ka je jiya ka ɗan taɓa teburin nasu. Ko zagaye ɗaya."

"In yi wa magini atisaye?" Ɗanmaraya ya dubi Ilu, suka yi dariya tare.

A hanya Ilu bai yi shiru ba. Ya ce mutumin da hannunsa ya saba da bulo da cebur ina shi ina sanda. Ya ce 'yan Kurfi sun sayi tebur ne kafin su sayi 'yan wasa. Gero ya fara kai a gonakin gefen titi, shanu suna tsallakawa ɗaya bayan ɗaya ana jiran su, Ɗanmaraya yana rungume da jakarsa yana tsara abin da zai faɗa idan masu rediyo suka tare shi a Katsina.

Ɗakin taron ya cika kafin azahar. Ƙasansa siminti ne sumul, teburin yana tsakiya, koren ƙyallensa ko tabo babu. Mahmuda yana zaune a kan benci, gajeren mutum mai kaurin yatsu, da ɗan farin siminti a gefen farcensa wanda wanki bai fitar ba. Ya tashi ya miƙa hannu biyu.

"Malam Ɗanmaraya, sannu da hanya. Yau dai ka taka garinmu."

"Na zo in rage maka kuɗin mota," in ji Ɗanmaraya. "Ka gaji da zuwa karɓar kaye a Dutsin-Ma, na kawo maka shi gida."

Mahmuda ya yi murmushi. "Allah ya saka da alheri."

Alƙalin wasa wani tsohon malamin motsa jiki ne. Bayan sallar azahar ya tara su ya karanta ƙa'ida: wanda ya fara cin zagaye biyar shi ne zai je Katsina. Aka jera ƙwallaye, Ɗanmaraya ya shafa alli a kan sanda, ya fasa su da bugun farko.

Ƙwallo biyu na farko sun shiga, domin suna bakin rami. Ta uku tana nesa. Ya sunkuya, ya auna kamar yadda ya saba, ya buga. Ƙwallon ta tafi miƙe, ta bugi gefen tebur kamar yatsa biyu daga bakin ramin, ta dawo. Ya tsaya yana kallon ta. Bai ga kuskuren da ya yi ba. Hannunsa ya yi daidai abin da yake yi shekara tara.

Mahmuda ba shi da ado a wasa. Yakan zagaya teburin sau ɗaya, ya rufe ido ɗaya kamar mai duba bango, ya buga. Bai fasa wannan tsari ba har ya jefa baƙar ƙwallo, wadda ita ce ke rufe zagaye.

A zagaye na biyu Ɗanmaraya ya sake kuskure iri ɗaya, a gefe ɗaya, da tazara ɗaya. A na uku ya ce bari ya nuna masu abin da suka zo gani. Ya taɓa ƙwallo a hankali, ta kama hanya kamar za ta wuce rami. Ilu ya miƙe tsaye ya ɗaga hannu yana jiran ta karkato. Ba ta karkato ba. Ta ci gaba da tafiyarta a natse har ta tsaya a jikin gefen tebur.

Wani daga baya ya ce, "Malam, ko a kira mata mota?"

Ɗakin ya ɗauki dariya. Wani dattijo mai sayar da goro ya ce shi dai an ce masa Zakaran Dutsin-Ma zai zo, ko ƙaninsa aka turo. Wani ya ce a yi masa uzuri, bai saba ganin siminti ba. Da aka kira sallar la'asar, Mahmuda yana da uku, Ɗanmaraya ba shi da ko ɗaya. Alƙali ya ce a je a yi salla a dawo.

Mutane suka yi ta fita. Ɗanmaraya ya zauna a kan benci yana duba tafin hannunsa kamar wani ne ya ba shi aro. Ilu ya matso kusa, ya rage murya.

"Maigida, na gano matsalar. Teburin nan ba shi da rai."

"Kamar yaya?"

"Namu na gida yana jan ƙwallo wajen kwata. Wannan ba ya jan komai. An cuce ka, an kawo maka teburin da ba ka saba da shi ba." Ya dubi ƙofa. "In aka ɗan ɗaga ƙafar can, sai ya riƙa gangarawa nan. Ɗan kaɗan. Ba ha'inci ba ne, mayar da shi za a yi yadda tebur yake."

Ɗanmaraya ya dubi ƙafar da Ilu yake nufi. Ya tuna Fauziyya tana ɗiga wa keke mai. Ya tuna shagon Muhammad Sani, da bencin da almakashi yake rataye a kansa, da yadda 'yan rumfa za su riƙa wucewa ta ƙofar suna leƙowa. Bai ce a yi ba, bai ce kada a yi ba.

"Ni zan je salla," in ji shi.

"Je ka, Maigida. Ni sai na ɗan huta, zan bi ku."

A sahu Ɗanmaraya ya sami kansa kafaɗa da kafaɗa da Mahmuda. Da aka sallame, maginin ya juyo ya ba shi hannu, shi kuwa ya karɓa yana kallon tabarma.

Da suka dawo Ilu yana zaune a inda yake, ya naɗe ƙafa ɗaya a ƙarƙashin benci. Diddigen silifas ɗinsa na dama babu shi, an yanke shi da reza. Ɗanmaraya bai dubi ƙafar teburin ba.

Mahmuda ne ya buɗe zagaye na huɗu. A bugunsa na biyu ƙwallon ta tafi, ta ɗan kauce a ƙarshen tafiyarta, ta ƙi shiga. Ya miƙe a hankali. Ya dubi ƙwallon, ya dubi teburin daga wannan kusurwa zuwa waccan da ido ɗaya, sannan ya sauke idonsa ƙasa na ɗan lokaci. Alƙali yana tsaye taku biyu daga wurin, kalma ɗaya ta isa. Mahmuda ya koma benci ya zauna, ya ɗora sandarsa a cinya.

Hannun Ɗanmaraya ya dawo. Ba gaba ɗaya ba, amma ƙwallayen da ɗazu suke bugun gefe yanzu suna lasar bakin rami su faɗa. Ya ci na huɗu. Ya ci na biyar. Ilu ya miƙe da ƙafa ɗaya yana kirari, yana cewa maza sun farka, ɗazu barci ake yi. Masu dariya suka yi shiru, mai goro ya ce to, wataƙila yayan ne ya iso.

Ɗanmaraya ma ya sami baki. "Magini, ko a kawo maka cebur? Wataƙila ya fi zama a hannunka."

"A bar ni da wannan tukuna," in ji Mahmuda.

Akwai abin da Ɗanmaraya bai lura da shi ba, domin yana cikin jin daɗi. A waɗannan zagaye biyu Mahmuda bai yi ƙoƙarin ci ba sosai. Yana ta buga ƙwallaye a hankali daga kusurwa daban-daban yana bin su da ido har su tsaya, kamar mai gwada ƙasa kafin ya zuba harsashin gini. A zagaye na shida ya gama gwajinsa. Ya jefa ƙwallo biyar a jere, ya rufe. Huɗu da biyu.

Ɗanmaraya ya ƙwaci na bakwai da ƙyar, gumi ya jiƙa masa bayan riga. Huɗu da uku.

A na takwas suka cinye ƙwallayensu duka, baƙar kaɗai ta rage. Ɗanmaraya ya buga ya kuskure, amma ya ji sanyi da ya ga inda ta tsaya. Tana nesa da kowane rami, kuma a inda farar ƙwallon da ake bugawa da sanda take ba yadda za a yi a buga ta miƙe ta shiga. Bugu ɗaya ne kawai zai kai ta, kuma a duk shiyyar mutum ɗaya ne ya iya shi.

Mahmuda ya zagaya teburin sau ɗaya. Ya nuna ramin kusurwa da kan sanda, ya sunkuya, ya taɓa farar a hankali. Baƙar ta kama hanya kamar za ta wuce. Wani ɗan Kurfi ya dafe kai. Sai ta fara karkatowa, a natse, kamar ta tuna saƙo, ta tsaya a bakin ramin kamar mai sallama, ta faɗa.

Ɗakin ya kaure da sowa. Ɗanmaraya yana tsaye da alli a hannu. Shekara tara yana yin wannan bugu, yau ne ya fara ganin sa daga gefe, kuma daga gefe ana ganin sarai cewa sanda ba ta da hannu a karkatar.

Aka rubuta sunan Mahmuda a takarda, aka ɗauki hotuna. Ɗanmaraya ya fita ya tsaya a gindin wata bishiyar bedi yana jiran Ilu ya tayar da babur. Can sai ga Mahmuda ya fito shi kaɗai, hannunsa a aljihu.

"Malam Ɗanmaraya, kun yi mantuwa."

Ya miƙo masa diddigen silifas, baƙi, nauyin tebur ya lotsa tsakiyarsa. Ɗanmaraya ya dubi abin, bai karɓa ba.

"Ban san wannan ba."

"To riƙe dai, ka ba mai shi. Ga shi can yana ɗingishi." Mahmuda ya kama hannunsa ya sa masa. "Sai dai ka faɗa mashi aikinsa bai cika ba. Teburin Kenneth yatsa biyu ya nutse ta wajen kwata. Shi kuwa na yatsa ɗaya ya sa. Shi ya sa na ɓata zagaye biyu ina nema."

"Wa ya faɗa maka yatsa biyu ne?"

"Aikina ne. Tun zuwana na farko na gani, na faɗa, aka yi mani dariya. A zuwa na uku na auna da igiya kuna cin abinci." Ya yi maganar ba tare da zafi ba, kamar mai bayanin farashin bulo. "Da na koma gida na samu wani tsohon tebur, na sa mashi katako a ƙafa. Shekara biyu ina wasa a kan biyu, miƙaƙƙe da safe, karkatacce da yamma."

"Me ya hana ka faɗa wa alƙali?"

"Da na faɗa, da an kore ka, da kuma an ce a Dutsin-Ma sharri muka yi maka don muna tsoro. Ni kuma burina in ci ka a kan teburinka. Ina ta tunanin ranar da zan koma, sai ga shi ka ɗauko mani shi har gida." Ya gyara hularsa. "Kana da hannu, Malam. Da tebur nagari ka samu tun farko, ban san yadda za mu ƙare ba. Allah ya kiyaye hanya."

A hanyar komawa Ilu ya tsaya sau biyu yana waya, Ɗanmaraya bai saurari abin da yake cewa ba. Rana ta yi sanyi sa'ad da suka shigo Dutsin-Ma. Ya so a wuce da shi gida, amma Ilu ya karya kan babur zuwa bayan tasha.

Rumfar ta cika. Tun kafin ya sauka aka kewaye shi, kowa yana magana.

"Mun ji abin da aka yi maka, Zakara."

"Ilu ya faɗa mana. An ce teburinsu a karkace yake."

"Dama 'yan Kurfi. Magini ne fa, ya san yadda zai yi da ƙafar tebur."

"A kai ƙara Katsina. A ce ya zo nan a sake, a kan tebur na gaskiya."

Ilu yana tsakiya yana rantsuwa cewa da idonsa ya ga ƙwallo tana kwana ita kaɗai, kuma a wannan dai bai yi ƙarya ba. Kenneth ne kaɗai bai shiga cikinsu ba. Ya ajiye lemon da ya tanada a kan benci, ya koma gefe.

Ɗanmaraya ya duba fuskokinsu. Abin da suke miƙo masa ba ƙarami ba ne. Idan ya gyaɗa kai kawai, shi ne Zakara har gobe, wanda aka zalunta a baƙon wuri. Zai iya kai wannan labari gida ya ajiye a gaban Fauziyya da yayanta, ya ce alkawari bai hau kansa ba tunda ba a yi wasan gaskiya ba. Tukwane za su koma kan keke.

Ya ratsa su ya je gaban teburin. Bai buɗe jakar sandarsa ba. Ya ɗauki ƙwallo ɗaya, ya ajiye ta a tsakiya, ya tura ta da yatsa a hankali zuwa tsakiyar gefen da ke fuskantar sa. Ta tafi, ta karkata, ta gangara ramin kwata ta faɗa.

Wani ya fara tafi, domin ya saba.

"Ban nufi ramin ba," in ji Ɗanmaraya.

Ya ɗauki wata, ya rufe idonsa, ya tura. Ta bi sawun 'yar'uwarta. Ya kira wani ɗalibi da bai fi wata ɗaya da fara zuwa ba, ya ce ya tura ta uku. Ita ma ta faɗa.

Kenneth ya matso, ya yi magana ƙasa-ƙasa. "Zakara, bar shi haka. Tun daminar farko ƙasar wurin ta zauna, na sani. Kai kana ci, mutane suna zuwa, ban ga wanda aka cuta ba."

"Kama mani nan."

"In ka gyara shi, yaran nan na jami'a ma za su ci ka."

"Za su ci ni. Kama."

Kenneth ya sa kafaɗa ya ɗaga kusurwar da ke wajen kwata. Ɗanmaraya ya durƙusa a turɓaya da fararen kayansa, ya zaro diddigen silifas daga aljihu, ya tura shi ƙarƙashin ƙafar. Mutum biyu ko uku suka dubi abin, suka dubi ƙafar Ilu ta dama. Ilu ya ja ta baya.

"Daga gobe da safe ina shagon Muhammad Sani," in ji Ɗanmaraya, yana kakkaɓe gwiwa. "Mai yagaggen wando ya kawo. Bayan la'asar zan riƙa zuwa nan, ka ajiye mani layi kamar kowa."

"Layin me?" in ji Kenneth.

"Na masu koyo."

Ya sake ajiye ƙwallo a tsakiya ya tura. Ta yi tafiya mai nisa a miƙe, har wasu suka fara sakin numfashi. Daf da ƙarshe ta ɗan karkata, ba ta kai ramin ba, amma ta nuna inda ranta yake so. Ɗanmaraya ya dube ta, ya gwada yatsa biyu a jikin ƙafar teburin, ya ga ɗaya ya rage. Ya juya wajen Ilu, wanda ya riga ya fara zamewa zuwa babur ɗinsa.

"Ilu," in ji shi. "Ciro ɗayan."